Malam Halliru Ja-Numfashi, Mai Horar da Zukatan 'Yan Ƙwallon Wudil

Haihuwa da nasaba

An haifi Malam Halliru Yahuza, wanda jama'ar Wudil suka fi sani da laƙabin Ja-Numfashi, a shekarar 1959 a garin Utai da ke ƙasar Wudil, a Lardin Kano na wancan zamani. Mahaifinsa Malam Yahuza manomi ne da damina, da rani kuma dillalin shanu a karar Wudil, kuma waɗanda suka riske shi sun ce in ya ɗaga murya yana ciniki a cikin kara, masu tsallaka gada kan san ko an sallama ko ba a sallama ba. Mahaifiyarsa Hansai mutuniyar Kausani ce, wadda ta yi suna wajen faɗa wa mutum gaskiyarsa ko bai nema ba. Halliru shi ne na uku a ɗakinta, kuma dangin uwa da na uba sun yi ittifaƙi a kan cewa bai gaji muryar uban ba, bai kuma gaji bakin uwar ba. Allah ya yi shi yaro mai hankali da ladabi, sai dai mai saurin faɗuwar gaba, ta yadda in baƙo ya yi sallama a zaure, akan same shi a bayan rumbu yana jiran a tafi.

Karatu

Ya fara karatun allo a wurin Malam Isyaku na unguwarsu, inda ya nuna kaifin hadda, domin yakan riƙe abin da aka biya masa tun tawadar allon ba ta bushe ba. Amma da zarar malamin ya ce ya miƙe ya karanta a gaban sauran yara, sai karatun ya tashi daga kansa ɗungurungum, ya tsaya yana murza bakin riga. A shekarar 1966 aka sa shi firamare a Wudil, a nan ne kuma malamai suka gano wata baiwa da ba su zata ba, wato yaron yana da gudu. In dai tsere ne na 'yan aji a bayan makaranta, babu mai kamo shi.

Baiwar ta bi shi har kwalejin horar da malamai, wadda ya shiga a 1974. A shekarar 1977 aka zaɓe shi ya wakilci kwalejin a tseren mita ɗari na gasar makarantu a birnin Kano. Ranar ce ya fara ganin taron jama'a mai yawan haka, ranar ce kuma ya fara sanin cewa a birni ba da usur ake tayar da 'yan tsere ba, da ƙaramar bindiga ake yi. Da aka harba, Halliru ya zabura kamar yadda ake buƙata, sai dai ya juya baya, ya bi ta ƙofar da aka shigo da su, ya fice daga filin. Masu riƙe da agogo sun tabbatar cewa a duk ranar ba a ga mai saurinsa ba, illa iyaka ba ta hanyar da aka shata ya bi ba. A tashar mota malamansa suka same shi da la'asar, da lambar kwaleji manne a ƙirjinsa.

Wannan al'amari ya bar masa tambayar da ya shafe sauran rayuwarsa yana nema wa amsa, wato yaya aka yi ƙafar da ta san aikinta sarai take manta shi da zarar idanu sun yi mata yawa.

Aiki da aure

Ya kammala kwaleji a 1979, aka tura shi koyarwa a wata firamare a Darki. Koyar da yara bai taɓa ba shi wahala ba, sai ranar da sufeto ya zo duba aji, wadda a ita yakan rubuta wa allo kwanan watan bara. A shekarar 1983 ya auri Indo, 'yar Malam Dattijo, wani masunci da ke zaune a bakin kogi. Tsawon lokacin da ya yi yana zuwa zance, Indo ce ke yi masa tambaya, in ta ga ya fara gumi sai ta amsa da kanta, kuma a haka suka daidaita a kan dukkan muhimman al'amura. Malam Halliru yakan ce daga cikin rahamomin da ke cikin addini har da cewa wakili ne ke karɓa wa ango aure, domin da an ce shi zai yi magana a gaban wannan taro, da ya tsufa tuzuru. Allah ya albarkaci auren da 'ya'ya da zaman lafiya, kuma Indo ta ci gaba da amsa yawancin tambayoyin da ake yi wa gidan.

Daga 1984 zuwa 1987 ya ƙaro ilimi a fannin wasanni da motsa jiki, bayan nan aka ba shi aikin malamin wasanni a wata sakandare a cikin garin Wudil, ya ɗauko iyalinsa ya tare a can.

Riƙon ƙungiyar Taurarin Gada

A shekarar 1991 matasan gari suka roƙe shi ya zama kocin ƙungiyarsu ta ƙwallon ƙafa, mai suna Taurarin Gada. 'Yan wasan talakawa ne masu neman na kansu, akwai masu lodin yashi a bakin kogi, da 'yan acaɓa, da teloli, da ɗalibai. A wurin atisaye gwanaye ne na gaske, kuma a zagayen farko na kowace gasa babu mai tsaya musu. Sai an zo wasan ƙarshe, fili ya cika, makaɗa sun kama kiɗa, sannan a ga ikon Allah. An taɓa ganin ɗan bayansu ya miƙa wa alƙalin wasa ƙwallo cikin ladabi, an kuma taɓa ganin mai tsaron gidansu ya cafke ƙwallo da kyau, ya juya ya wurga ta cikin ragarsa.

Magoya bayansu sun tafi a kan cewa asiri ake yi musu. Suka riƙa haƙa gindin turakun raga kafin kowane wasa suna neman abin da aka binne, har turakun suka karkace, ba su tono komai ba sai tsohon takalmi. Malam Halliru bai musa wa kowa ba, domin musu ba halinsa ba ne. Amma yana lura da leɓɓan yaransa da ke bushewa, da gwiwoyin da ke rawa, da idanun da ke neman ƙofar fita, kuma babu wanda ya kai shi sanin wannan ciwo.

Kos a Legas

A shekarar 1996 ma'aikatarsa ta tura shi kos na masu horar da 'yan wasa a Legas. A cikin darussan akwai wanda sauran ɗalibai suka ɗauka lokacin gyangyaɗi ne, wato darasin halayyar ɗan wasa a lokacin matsi. Malamar da ke koyar da shi ta bayyana cewa bugun zuciya da bushewar baki da rawar jiki ba ragwanta ba ce, shiri ne da jiki ke yi in ya hango haɗari, kuma ana horar da zuciya kamar yadda ake horar da cinya. Ta koya musu jan numfashi a hankali daga ciki, da rufe ido a hasko wasa kafin a buga shi, da zaɓen kalmar da mutum zai riƙa faɗa wa kansa, da tsayar da tsari guda wanda ɗan wasa zai bi kafin kowane bugu, da kuma sabawa da hayaniya tun a wurin atisaye.

Malam Halliru ya saurari wannan bayani kamar wanda ake karanta wa tarihinsa. A ranar rufe kos aka nemi ya miƙe ya yi godiya a madadin ɗaliban Arewa. Ya miƙe, ya ja numfashi kamar yadda aka koya masa, ya faɗi sunansa da na garinsu daidai, ya ce sun gode, ya zauna. Jawabin bai wuce haka ba, amma shi ne na farko da ya taɓa kaiwa ƙarshensa a gaban taro, saboda haka ya dawo Wudil da yaƙinin cewa ya samo maganin da ya fi ƙarfin duk abin da ake binnewa a gindin turke.

Gwaje-gwajen farko

Ranar da ya fara aiki da sabon ilimin, ya kwantar da 'yan wasansa a ƙarƙashin darbejiyar bakin fili, ya umarce su su rufe ido su hasko kansu suna zura ƙwallo a raga. Bai yi la'akari da cewa mafi yawansu tun asuba suke lodin yashi ba. Kafin ya gama kwatanta musu fitowa daga ɗakin sauya kaya, ƙungiyar gaba ɗaya ta yi barci, har da mai minshari. Wata mai tallar awara da ta ga samari a jere a kwance ba motsi, da malami tsaye a kansu yana magana ƙasa-ƙasa, ta ajiye farantinta ta ruga cikin gari da salati. Daga ranar aka koma yin hasashen a tsaye.

Sai kuma batun magana da kai. Ya ba kowane ɗan wasa kalmar da zai riƙa maimaitawa, yawanci “zan iya”, aka wayi gari samari suna ratsa kasuwa suna ƙunƙuni su kaɗai. Iyaye biyu suka kai 'ya'yansu wurin masu ruƙiyya, wasu kuma suka kai ƙara wurin Liman Ɗayyabu, limamin unguwar, cewa malamin wasanni ya dawo daga Legas da surkulle. Liman ya kira shi bayan sallar la'asar a gaban dattawa, ya ce ya yi bayanin abin da yake koya wa yaran mutane. Malam Halliru ya yi bayanin da ya iya, ya kuma gwada musu yadda ake jan numfashin. Liman ya ce:

“Malam Halliru, ni dai a iya karatuna ban ga inda aka hana numfashi ba, kowa ma yana yi. Amma wannan ‘zan iya’ ɗin, a ƙara mata in sha Allahu, kada yara su saba da cika baki.”

Aka karɓi gyaran, dattawa suka watse, kuma daga wannan zama ne laƙabin Ja-Numfashi ya bi shi.

Domin sabar da yaran da hayaniya, ya yanke shawarar kai su gefen kara ranar kasuwa su koyi bugun fenareti a tsakiyar kukan shanu da ihun dillalai. Shirin ya tafi daidai har zuwa lokacin da wani bugu ya kauce ya sami wani jan bijimi a tozo. Bijimin ya tsinke igiya. A ranar 'yan Taurarin Gada sun ƙaru da sauri ƙwarai, amma ba a ce sun ƙaru da natsuwa ba, kuma darajar marigayi Malam Yahuza ce kawai ta sa dillalai suka bar maganar a kan gargaɗi. Duk da haka ƙungiyar ta ɗan gyaru a shekarun da suka biyo baya, ta daina cin kanta, sai dai kofi bai zo ba.

Al'amarin Lukman

A shekarar 2008 ƙungiyar ta sake kaiwa wasan ƙarshe na wata gasar ƙungiyoyin yankin. Gwarzonta a lokacin wani matashin tela ne ɗan Darki mai suna Lukman, wanda Malam Halliru ya ce bai taɓa horar da ƙafa irin tasa ba. Ana dab da tashi aka ba su fenareti, wadda in ta shiga kofi ya zama nasu. Lukman ya buga, ƙwallo ta haye raga, ta haye katanga, kuma har yau akwai masuncin da ke rantsuwa cewa a komarsa ta faɗa. Aka cinye su a ƙarin lokaci. Kafin magariba gari ya raɗa wa Lukman suna Sama-Jannati.

Abin da ya zama wa gari abin dariya ya zama wa yaron musiba. Yara na bin ƙofar shagonsa suna nuna sama, fasinjoji na leƙo shi daga cikin mota. Ya rufe shagon, ya koma Darki, ya daina zuwa fili, har sallar Juma'a sai ya tafi wani ƙauye inda ba a san shi ba. Malam Halliru ya riƙa hawa babur yana zuwa wurinsa, ba ya yi masa wa'azi, sai dai ya zauna kusa da keken ɗinkinsa su yi hirar duniya. A wata ziyara Lukman ya faɗa masa cewa ba ihun baƙi ne ya kashe masa jiki ba, wani maƙwabcinsu ne ya kira shi da sunan da ake tsokanarsa da shi yana yaro, daga nan bai ƙara ganin raga ba.

Da Malam Halliru ya kawo wa Indo wannan labari yana jimami, ba ta ko ɗaga kai daga tsintar shinkafar da take yi ba, ta ce:

“To ai Malam, shanun da ka kai su wurinsu ba su san kowa ba. Ka samo waɗanda suka san su tun suna cikin tsumma. Ina kakanninsu?”

Ya bi gidajen 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya yana neman izinin masu gida, kuma tsofaffin ba su ba shi wahala ba, domin tsakanin kaka da jika dama wasa ne, sai dai ba a taɓa ba su fili da benci da goro domin yin sa ba. A farkon 2009 aka fara zaunar da su a bayan raga kowace Laraba da yamma. Shugabarsu ita ce Inna Salamatu, kakar Lukman ta wajen uba, wadda ita ce ma ta taso shi gaba daga Darki, ta ce in bai dawo fili ba za ta zo ta yi aikin a ƙofar gidansu. Ranar farko da Lukman ya ajiye ƙwallo zai buga, ta gyara mayafi ta ce:

“Wai wannan mijin nawa ne zai ci wani? Yaron da 'yan tsaki suka kora ya hau turmi yana kuka? Ku tambaye shi shekararsa nawa ina shanya masa tabarma da safe.”

Bugun ya nufi wajen darbejiya. Sauran ma ba su tsira ba, domin kowace tsohuwa ta zo da nata tarihin, kuma a makonnin farko mai tsaron gida bai taɓa ƙwallo ba sai dai ya riƙe ciki don dariya. Malam Halliru bai karaya ba. Ya koya wa kowannensu tsari guda wanda ba ya sauyawa: ya ajiye ƙwallo da hannunsa, ya ja da baya, ya ja numfashi ya sauke, ya zaɓi lungu ɗaya, kada ya sake shawara. Yakan ce musu shi ba korar tsoro yake koya musu ba, don bai san yadda ake korarsa ba. Su bar shi ya tsaya a gefe, su buga ƙwallonsu. Kafin damina ta faɗi, Lukman na iya zura ƙwallo a lungun da ya ga dama alhali kakarsa na bayyana wa jama'a yadda aka yi masa kaciya da ƙyar.

Wasan ƙarshe na 2009

A watan Disamba na shekarar, Taurarin Gada suka haɗu da wata ƙungiya daga birnin Kano mai suna Damisar Birni a wasan ƙarshe, a filin Wudil. Baƙin sun zo da motoci cike da magoya baya, da ganguna da ƙahonni, kuma sun zo da labarin Sama-Jannati a bakinsu. Aka tashi kunnen doki, aka tafi bugun fenareti. Duk ɗan Wudil da ya fito bugu, baƙin kan tayar da ihu kamar za su tsaga ƙasa, shi kuwa ya ajiye ƙwallo, ya ja numfashi, ya zura abinsa, domin zagin wanda bai san ka ba bai kai ko rabin na ranar Laraba ba. Ɗan birni ɗaya ya ɓarar da nasa. Bugun ƙarshe ya faɗo kan Lukman.

Shugaban magoya bayan baƙin mutum ne mai wayo. Da ya ga ihu bai yi aiki ba, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da kiɗa, ya sa mutanensa suka yi tsit. Mutanen Wudil kuma dama numfashinsu a riƙe yake. Filin ya yi shiru har ana jin kukan akuya daga bayan katanga. A nan ne Malam Halliru ya gane cewa ya horar da yaransa a kan kowace irin hayaniya, amma bai taɓa horar da su a kan shiru ba. Ya ga Lukman ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya, ya tsaya. Alƙalin wasa ya busa usur, yaron bai motsa ba. Daga nan Malam Halliru bai ƙara ganin komai ba, domin ya sulale daga kan benci ya suma.

Abin da ya biyo baya daga bakin jama'a aka samo shi. Inna Salamatu, wadda aka ba kujera a gaba saboda shekarunta, ta dogara sanda ta miƙe, muryarta ta ratsa filin:

“Kai mai fitsarin kwance, buga mana mu tafi gida, magariba ta yi!”

Waɗanda ke kusa sun ce sun ga kafaɗun Lukman sun sauka, har ya ɗan yi murmushi. Ya ja numfashi, ya taho, ya ajiye ƙwallo a lungun hagu, ƙasa-ƙasa, mai tsaron gida ya faɗi dama.

Malam Halliru ya farfaɗo a jiƙe sharkaf da ruwan leda, ya tarar da kofi a kan cikinsa, ya tambaya ko na wane ne. Bai ga bugun da ya fi kowane muhimmanci a rayuwarsa ta koci ba, kuma hoton da wani ya ɗauka da waya bai nuna komai ba sai ƙafafun mutane. Lukman ya sake buɗe shagonsa a satin, ya sa aka rubuta Sama-Jannati da manyan baƙaƙe a saman ƙofa, ya kuma ɗinka wa kakarsa atamfa. Ita kuwa ta ce ɗinkin ya karkace.

Ritaya da shekarun ƙarshe

Ya yi ritaya daga aikin gwamnati a 2014, ya miƙa ƙungiyar ga wani matashin koci da ya karanta fannin a jami'a, wanda ya riƙe zaman Laraba, ya kuma ƙara da atisayen shiru. Amma zauren Malam Halliru bai huta ba. 'Yan dambe da 'yan kokawa sukan zo a asirce kafin babban wasa, 'yan matan ƙwallon hannu na tsohuwar makarantarsa sukan zo da malamarsu, sannan aka fara kawo masa waɗanda ba su da alaƙa da wasa: ɗalibai masu shirin jarrabawar shiga jami'a, masu zuwa ganawar neman aiki, da wani sabon ladani da muryarsa ke maƙalewa in ya ga lasifika. Bai taɓa korar kowa ba, bai kuma taɓa yi wa kowa alkawarin cewa tsoro zai rabu da shi ba.

A shekarar 2016 Allah ya nufe shi da sauke farali. Shi ne karonsa na farko a jirgin sama, kuma alhazan da suka zauna kusa da shi sun shaida cewa tun daga tashi har sauka yana koya wa layinsu yadda ake kwantar da hankali, cikin murya mai daɗi da tsari, idanunsa a rufe gam, hannunsa kuma riƙe da na wani Alhaji ɗan Gaya da bai taɓa sani ba, wanda ya kwana biyu a Madina bai iya riƙe cokali ba.

Rashin lafiya da rasuwa

Tun daga 2021 hawan jini ya fara takura masa, likita ya hana shi kallon ƙwallo, ko a fili ko a gidan kallo. Ya bi umarnin, sai dai yakan zauna a ƙofar gida ranar wasa yana karanta sakamako daga fuskokin masu dawowa. A farkon 2024 jikin ya tsananta, aka kwantar da shi a asibiti a Kano na ɗan lokaci, sannan ya nemi a mayar da shi gida. Ya rasu da hantsin wata Talata a watan Afrilu na 2024, a ɗakinsa da ke Wudil, yana da shekara sittin da biyar, matarsa Indo na zaune a gefensa. An yi masa salla bayan azahar a ƙofar gidansa, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar garin. Tsofaffin 'yan wasansa ne suka yi ta karɓa-karɓar makara, daga masu furfura har waɗanda ba su daɗe da ajiye takalmi ba.

Ya rasu ya bar matarsa Hajiya Indo da 'ya'ya biyar da jikoki da dama. 'Ya'yan su ne Yahuza, wanda ake kira Abba, malamin gona. Da Juwairiyya, ungozoma, tana aure a Kausani. Da Ridwan, mai sayar da kayan gini a bakin titi. Da Khaulat, wadda ake kira Auta, ɗaliba a jami'a. Sai Jamil, wanda ya zaɓi zama alƙalin wasa, aikin da mahaifinsa ya roƙe shi da girman Allah kada ya yi. A wasan farko da Jamil ya busa a filin Wudil bayan sadakar arba'in, ya hana 'yan gida wata ƙwallo da kowa ya ga ta shiga. Jama'a suka taso masa kamar yadda aka saba, suka zage shi tas tun daga idonsa har usur ɗinsa, amma a duk filin ba a sami mutum ɗaya da ya ambaci ubansa ba.

Allah ya jiƙan Malam Halliru, ya yafe masa kurakuransa, ya amintar da shi daga firgicin ranar tsayuwa, ya albarkaci bayansa. Amin.